Fitsari mai launin shayi bayan lalacewar tsoka: me ya ceci ƙodar majiyyatanku?

Ma'aikaciyar jinya: Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa jinyar wanda tsokarsa ta lalace har abin ya taɓa ƙoda su faɗa mana abin da suka gani, musamman game da magungunan antioksidan (masu kare ƙwayoyin jiki daga illar wasu sinadarai) irin su bitamin C da N-acetylcysteine. Hujjar masu ba da su ita ce, furotin ɗin mayoglobin da ke fita daga tsokar da ta mutu yana ɗauke da sinadarin ƙarfe, wanda ke illata ƙananan bututun ƙoda, balle idan jiki ya bushe.

Mahaifin wani matashi: Wa alaikumus salam, 'yata. Ɗana ya yi atisaye mai tsanani cikin zafin bazara yana shirin neman aikin soja, washegari cinyoyinsa suka kumbura ya kasa tsugunawa, fitsarinsa kuma ya koma kamar shayin da ba madara. A asibiti ruwa suka yi ta ƙara masa leda bayan leda suna auna fitsarinsa, likita kuma ya hana diclofenac ɗin da abokansa suka sayo a kemis. Alhamdulillahi, bai kai ga wankin ƙoda ba.

Likita: Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Tun 1941, da masu bincike Bywaters da Beall suka bayyana wannan ciwo a jikin waɗanda gini ya danne a Landan, abin da ya tabbata shi ne ƙarin ruwa da wuri, kuma mukan nemi babba ya yi fitsarin mililita 200 zuwa 300 a awa. Amfanin antioksidan, har da na parasitamol da aka nuna a 2010, galibinsa a jikin ɓeraye aka gani. Na yi jinyar wani magini da katanga ta faɗo wa, danginsa na ta neman a rubuta masa bitamin, alhali sinadarin fotasiyom da ya yi yawa a jininsa ne ke neman tsayar da zuciyarsa, sai da aka yi masa wankin ƙoda.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Likita, ni abin da na saba gani shi ne tsinken gwaji ya nuna jini a fitsari, amma a madubin gwaji ba ƙwayar jini, domin mayoglobin ne tsinken ke gani. Da na ga haka nakan kira mai jinya a auna CK (sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan tsoka ta lalace) da fotasiyom nan take.