Shawarwarin malaman fiziks kan darasin haske

A zaman da wasu malaman fiziks suka yi da ɗaliban da ke shirin WAEC da JAMB a Agege, shawarar da aka fi nanatawa ita ce a zana hanyar haske kafin a taɓa lissafi, domin wanda ya ja layukansa da rula da fensir mai tsini zai ga inda surar abu ta faɗa, a miƙe take ko a kife, tun kafin ya kawo 1/f = 1/u + 1/v, wato ƙa'idar lissafin madubi da gilashin lens, inda u yake nisan abu, v nisan surarsa, f kuma nisan inda haske ke haɗuwa. Nan ne, a ganina, aka fi zubar da maki, musamman wajen manta alamar ragi idan surar ba ta kamuwa a kan allo.

Wani malami ya ce a duba madubin gefen danfo, wato bas ɗin haya ta Legas: mai tudu ne, shi ya sa yake ƙanƙanta motoci amma ya nuna wa direba fili mai faɗi. Kan firizim kuwa, wato dunƙulen gilashi mai kusurwa uku, an ce a riƙe cewa gilashi mai ma'aunin karkatar haske 1.5 yana mayar da haske ciki gaba ɗaya da zarar kusurwar faɗawar hasken a kan bangon gilashin daga ciki ta haura kusan digiri 42. Na'urar hangen nesa ba a daɗe a kanta ba.