Karen da aka harbe a Mabera: muhawarar zauren unguwa

Baban Ikram: Salamu alaikum. Daren jiya 'yan sanda masu sintiri sun biyo wani ɓarawon waya, ya haura katangar maƙwabcinmu a Mabera. Suka banke ƙyaure, karen gidan ya taso, ɗaya daga cikinsu ya ɗirka masa harsashi. Ɓarawon dai ya sha. Mai gidan na ta faɗa tun asuba, amma ni ban ga laifin ɗan sandan ba. Duk karen da ya taso wa jami'i a bakin aiki, a harbe shi. Ran mutum ya fi na kare.

Inna Hajo: Wa alaikumus salam. Ran mutum ya fi na kare, ba musu. To ran wa? Da zafin nan na Sakkwato kowa tsakar gida yake kwana, yara bisa tabarmi. Harsashi ya san kare ya san yaro? In ya bugi siminti ya dawo fa?

Baban Ikram: Inna, Allah ya tsare, ba wanda ya samu.

Inna Hajo: Allah ne ya tsare, ɗana, ba gwanintar mai bindiga ba.

Baba Sufeto: Shekara 35 na yi cikin kaki kafin in aje, bari in sa baki. Akwai ƙa'idar amfani da bindiga da ake kira Oda ta 237, an sabunta ta a 2019. Abin da ta ƙunsa shi ne bindiga ita ce ta ƙarshe, sai rai na cikin haɗari ko ana tsoron mummunan rauni kuma babu wata dabara. Kuma duk harsashin da ya fita sai ka yi bayaninsa. Ni gidajen da na shiga bincike, mai unguwa nake ɗauka, mu yi sallama daga zaure, in tambaya ko akwai kare, a ɗaure shi ko a kulle shi a ɗaki. Minti biyu ne. In ya riga ya taso, kada ka ruga, kada ka ƙura masa ido, ka ba shi gefen jikinka, ka tare da kulki ko kujera ko murfin tukunya, ka ja baya ka jawo ƙyaure. Mafi yawansu iyakar gidansu suke tsaro, kana fita sun bar ka.

Baban Ikram: Baba, wannan bincike ne na rana tsaka. Mai bin ɓarawo ƙarfe biyun dare zai tsaya neman mai unguwa?

Baba Sufeto: Nan kam ka kama ni, bin ɓarawo daban ne. Da karen ya kama ƙafarsa ya ƙi saki, ba zan zarge shi ba. Abin da na ƙi a maganarka shi ne kalmar "duk". Haushi ba cizo ba ne.

Ɗan Arkilla: Ku dai kuna ta ɗan sanda, masu karnukan fa? Yanzu yayi ake, matasa na sayen manyan karnukan Turawa, ba sarƙa, ba allura, a sake su da dare su hana masu zuwa sallar asuba wucewa. Wanda bai ɗaure karensa ba ya ja masa.

Inna Hajo: Wannan cikin gidansu yake. Su suka iske shi.

Malam Ƙarami: Kada a ce tunda kare ne shi ke nan. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Littafin Risala na fiƙihun Malikiyya ya hana ajiye shi a gida sai don gona ko dabbobi ko farauta, malamai na baya kuma sun yi sauƙi a kan tsaron gida in akwai tsoron ɓarayi. Hadisi ya inganta cewa an gafarta wa wani mutum don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Mai cizon mutane ne aka yarda a kashe. Wanda ya yi haushi don an banke ƙofar ubangidansa, ai aikin da aka aje shi dominsa ya yi.

Ɗan Arkilla: A jihar Kolorado ta Amurka tun 2013 doka ta wajabta a horar da 'yan sanda yadda za su yi da karnukan mutane. Mu ma rundunarmu tana da sashen karnuka, masu horon suna nan.

Baban Ikram: Nan ba Amurka ba ce. Can karnuka da allurarsu. Namu wa ya san mai hauka cikin duhu?

Dakta Maman Sadik: Wannan ce hujjarka mafi ƙarfi, Baban Ikram, kuma aikina ne. Ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara a duniya, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya a tashi. Amma harbin bai warware komai ba. Karen gida in ya yi cizo, ɗaure shi muke yi mu sa masa ido kwana 10. In ya wuce su lafiya lau, hankali ya kwanta. In kuma ya mutu, ƙwaƙwalwarsa ake gwadawa, wanda ya harbe shi a ka ya lalata abin gwajin. Allurar karnuka kuwa a Vom ta jihar Filato ake yin ta, asibitin dabbobi na jami'ar Ɗanfodiyo ma yana nan kusa da mu. Tambayata: karen ya taɓa ɗan sandan kafin ya yi harbin?

Baban Ikram: An ce ya yage masa wando, ya ɗan karce shi a ƙwauri. Ba wani ciwo ba ne. Gawar kuma tun safe yara suka ja ta bola.

Dakta Maman Sadik: Subhanallah. Wanda ya san shi ya kira shi yanzu. Ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya tafi asibiti yau a fara masa allura. A tambayi mai gida ko yana da katin rigakafin karen, yaran kuma a duba ko akwai mai rauni a hannu.

Baba Sufeto: Bari in nemi lambarsa wurin yaranmu. Amma Baban Ikram, maganar "duk" ɗin nan ba mu gama ta ba.