Ramin da ke kan dutse mai aman wuta: me za mu kira shi?

1/ Jama'a, "volcano" dai an gama da shi tuntuni: dutse mai aman wuta. Wanda ya rage shi ne "crater", wato ramin nan da ke buɗewa a ƙololuwar dutsen ko a jikinsa, inda toka da narkakken dutse ke fitowa.

2/ Dutsen Kamaru ne ya jawo zancen. Tsayinsa ya haura mita 4,000, an mai da shi gandun daji na ƙasa a 2009. Masu hawa kan tashi daga garin Buea da ɗan jagora da 'yan dako, su kwana a hanya. Ya yi aman wuta a 1999 da 2000, kuma ramukan 1999 ɗin na cikin abin da ake kai baƙi su gani: baƙar tsakuwa ko'ina, ƙafa na nutsewa a ciki. To wanda ya sauko, da wace kalma zai ba da labari?

3/ An kawo "bakin dutse". Ban yarda ba. Bahaushe na ji zai ɗauka gefen dutsen ake nufi, yadda ake cewa bakin kogi ko bakin kasuwa. Ga kuma masu rubutu a waya da ba sa sa ƙugiya, sai ya cakuɗe da baƙin dutse.

4/ "Rami" kuwa, na ɓera ma rami ne. "Maƙogwaro" kalma ce mai kyau, amma a ajiye ta ga hanyar da narkakken dutsen ke bi daga ƙarƙashin ƙasa.

5/ Nawa zaɓin: kwarmi. Ku duba kwarmin ido, zagayayye, mai zurfi, da gaɓa kewaye da shi. Kwarmin dutse ke nan. Kuma kalmar tana haihuwa: idan ruwa ya taru a ciki, tafkin kwarmi. Irinsa ne Tila a ƙasar Biu, haka Nyos na Kamaru, wanda iskar da ta taso daga cikinsa ta hallaka mutane sama da 1,700 a 1986.

6/ Inda gizo ke saƙar shi ne Ngorongoro ta Tanzaniya. Can dutsen ne kacokan ya rufta, ya bar fili mai faɗin kusan kilomita 20, har da zakuna da giwaye a ciki. Kwarmi ya yi masa kaɗan. Malamai, Allah ya gafarta muku, wannan kwari za mu ce, ko akwai wadda ta fi?