Dokar manya biyu ta hana mu fita sansani: masu riƙe da 'yan sikawut, ku yaya kuka yi?

Malamin Firamare, Zariya

Assalamu alaikum. Shekarata 11 ina riƙe da 'yan sikawut na makarantarmu, ba a taɓa ba ni ko sisi ba, hasali ma usur da igiyar koyon ƙulli daga aljihuna suke fita. Bana yara 34 gare ni. A watan jiya takarda ta zo daga sama: ba fita sansani sai da manya biyu masu rajista, babba ba zai kwana tanti ɗaya da yara ba, ba zai keɓe da yaro shi kaɗai ba, ko da goyon babur ne. Ni kuwa ni kaɗai ne, abokin aikina an yi masa canjin makaranta.

A wurin taro na miƙe na ce wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa kwana da yara a daren da hadari ya yaye tanti ba. Na tambaya, yaro ya tashi da zazzaɓi ƙarfe biyun dare, in bar shi sai na samo shaida kafin in kai shi asibiti? Aka ce mini ba muhawara aka zo yi ba. Wani daga baya ya jefo cewa wanda ba shi da abin ɓoyewa me zai dame shi. Wallahi wannan maganar har yanzu tana ci mini rai. Ina tunanin ajiye ƙyallen wuyan in huta. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya ba ni labarin yadda ya yi.

Tsohon Sikawut, Kano

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ajiye. Ni na ɗaura ƙyalle a 1974, na ga takardu sun zo sun wuce. A tsohuwar dokar da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya shimfiɗa a 1908, sikawut yana bin umarnin shugabansa ba gardama, sai bayan ya aikata ya zo ya faɗi abin da bai gamsu da shi ba. Tsarin soja ne, don mutumin soja ne. Amma wannan don yara aka rubuta. Kai ba yaro ba ne, kuma ba albashin kowa kake ci ba, saboda haka kana da bakin magana. Kuskurenka ɗaya, a gaban jama'a ka yi ta. Babba ba ya janye magana a bainar jama'a, ko ya san ka fi shi gaskiya. A zamaninmu da aka hana mu hura wuta a filin makaranta, gida muka bi kwamishinan sikawut bayan la'asar, mu uku, muka zauna a zaure. Kafin magariba ya amince a yi wutar a cikin rabin duro.

Baban Zara, Maryland

Malam, na ji zafin abin da aka faɗa maka, amma bari in ba ka labarin inda dokar nan ta samo tushe, domin a nan Amurka da ita muke kwana muke tashi. Ina cikin kwamitin rukunin sikawut na masallacinmu shekara 8 ke nan.

Ƙungiyar sikawut ta nan, Boy Scouts of America, ta kawo tsarin manya biyu tun shekarun 1980. Duk da haka, a Fabrairun 2020 ƙungiyar ta je kotu ta ayyana karyewar arziki saboda ƙararrakin cin zarafin yara. Mutum sama da 82,000 suka shigar da ƙorafi, yawancinsu magidanta ne yanzu, wasu ma tsofaffi, suna ba da labarin abin da aka yi musu shekaru da dama baya. Asusun diyyar ya kai kusan dala biliyan 2.5. Kuma a labarai da yawa wanda ya aikata ba baƙo ba ne, mutum ne da iyaye suka yarda da shi ɗari bisa ɗari, wanda ke cewa ku bari ni zan sauke shi a gida.

Ni ma na yi gunaguni da farko. Akwai daren da muka tashi daga taro cikin hunturu, mahaifin wani yaro ya makara. Gidansu a kan hanyata yake, minti biyar. Doka ta hana in ɗauke shi ni kaɗai. Haka muka tsaya a bakin masallaci, ni da yaron da wani ɗan'uwa ɗan Sudan da ke da aikin dare, muna buga ƙafa a ƙasa don sanyi, kusan minti 40. Ɗan'uwan nan ya makara wurin aiki. A kwamiti na ce wannan wahalar banza ce tsakanin mutanen da ke sallah sahu ɗaya. Wata 'yar'uwa likitar yara ta kalle ni ta ce, duk yaran da aka kawo mata da irin wannan matsala, ba wanda aka ce baƙo ne ya taɓa shi. Ban sake ɗaga maganar ba. Yanzu ko saƙon waya zan tura wa yaro, sai na haɗa da lambar mahaifinsa.

Inda muka yi rigima ta gaske kuwa shi ne shigar 'yan mata. A 2017 aka sanar, a 2018 suka fara shiga rukunin ƙanana, a Fabrairun 2019 na manyan yara. Kwamitinmu ya rabu biyu. Wani dattijo da ya kafa rukunin da hannunsa ya ce shi ba da shi ba, ya tafi da jikokinsa biyu, har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu. Mu da muka tsaya muka karanta takardar da kyau, muka ga tsarin a lokacin rukunin mata daban ne, na maza daban, kuma dole a sami mace babba tare da 'yan matan. Da an karanta tun farko da rabin hayaniyar ba a yi ta ba. Zara tawa tana cikin na farko da suka shiga. Ƙungiyar ma ta canza suna zuwa Scouting America a 2025, wasu tsofaffin har yanzu ba sa iya furta shi.

Ɗan Fareti

Baba na Kano, Allah ya ƙara girma, amma zamanin bin kwamishina zaure ya wuce. Ni na bari shekara biyu ke nan. Manyan ƙungiyar nan ba ka ganinsu sai ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, an goge kaki an jera lambobi a ƙirji, yara na rana su suna rumfa. Ba laifin dokar nake gani ba. A Amurka da Baban Zara ke magana akwai horo, akwai binciken tarihin mutum kafin a ba shi yara. Mu an kwafo takardar an bar sauran. Ka ce manya biyu masu rajista, kuɗin rajistar kuma a aljihun wa? Wa zai horar da na biyun? Na yi wannan tambayar sau uku a rubuce, amsar da na samu ita ce an cire ni daga zauren WhatsApp.

Maman Khalifa, Kaduna

Malam, ka yi haƙuri, ni ta ɓangaren iyaye zan yi magana. Ɗana yana aji biyar na cire shi daga sikawut. Ba abin da ya faru, alhamdu lillahi. Amma mai kula da su ya ɗauki ɗabi'ar tsayar da shi bayan an tashi, wai yana koya masa ƙulli na musamman, sannan ya kawo shi gida a babur bayan magariba, wani lokaci da tsire a leda. Mahaifinsa ya ce ina da mugun zato. Wataƙila haka ne. Sai dai ba ni da hanyar da zan ce a daina ba tare da na zargi bawan Allah da abin da ban gani ba, kuma ka san garinmu, kalma ɗaya ta isa ta kashe wa mutum aure da aiki. Shi ya sa na zare ɗana shiru, yana kuka, na ce masa karatu ne ya yi yawa.

Da akwai dokar nan a lokacin, da sai in ce Malam doka ta hana, shi ke nan, ba wanda ya ji kunya. Kai ma kariya ce gare ka. Ranar da wani yaro zai yi maka ƙazafi, wa zai tsaya maka in ku biyu ne kawai a wurin?

Bara da ƙanwarsa ta shiga 'yan gaid, wato sikawut na 'yan mata, ni na ba da sunana a matsayin babba ta biyu. Ban iya ƙulli ko ɗaya ba. Aikina in zauna a kan tabarma da fulas ɗin shayi in ƙirga kawuna. Ka tambayi iyayen yaranka 34, ba za a rasa mai zaman tabarma ba.

Malam Na Funtuwa

Mu tamu dokar daban ce, amma ciwon ɗaya ne. Bayan satar ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020, sannan Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, aka hana kwanan daji kwata-kwata. Ba wanda ya yi musu a kan wannan, wa zai kai 'ya'yan mutane daji a wannan hali? Gardamar ta taso ne da aka ce har kwana a cikin makaranta a tsakiyar gari an hana. Mu 9 muka rubuta takarda ɗaya muka sa hannu, ba zagi ba habaici. Muka ce a ba mu sansanin yini: yara su zo bayan asuba, su kafa tanti, su dafa abincinsu, su yi taimakon farko, a sauke tuta kafin magariba kowa ya tafi gida. Wata huɗu ba amsa. Da ta zo, an amince, an kuma mayar da shi tsarin kowa ba tare da an ambaci sunan ko ɗayanmu ba. Oho dai. Amma gaskiya sansanin yini ba ya kama ƙafar na kwana. Yaron da bai taɓa tashi tsakar dare ya yi gadin tanti yana jin kukan mujiya ba, akwai abin da ya rasa, kuma yaranmu na yanzu sun gama makaranta ba su san shi ba.

Af, a daina kiranmu 'yan sa kai a takarda don Allah. A yankinmu wannan sunan na masu bindiga ne.

Anti Bilki, Manchester

A Ingila ba a ba ka riƙon yaran kowa sai an yi maka binciken da ake kira DBS, an duba ko kana da tarihin laifi. Akwai ɗan katin rawaya da kowane babba ke riƙewa, ƙa'idojin mu'amala da yara ne a jiki. Mu ƙorafinmu yawan cike-ciken takardu ne: kafin ka kai yara 12 wurin shaƙatawa na bayan layi sai ka rubuta duk haɗarin da ka hango. Na san mutum biyu da suka bari saboda wannan kaɗai.

Muhawarar da na tarar da ƙurarta ita ce ta alƙawari. Daga Janairun 2014 aka ƙara wani nau'in alƙawarin sikawut ga wanda ba ya bin addini. Wasu iyaye a rukuninmu suka tayar da hankali, sun ɗauka an cire sunan Allah. Ba a cire ba, yaranmu Musulmi da sunan Allah suke yin nasu har gobe. Sai da na buga duka nau'o'in a takarda na raba a ƙofar zaure kafin ƙura ta lafa. Abin da ya bambanta nan da abin da Ɗan Fareti ya faɗa shi ne an nemi jin ra'ayin mambobi kafin a yanke. Ko ba a bi naka ba, an dai tambaye ka.

Tsohon Sikawut, Kano

Ɗan Fareti, na ji ka, kuma cire ka da aka yi ba daidai ba ne. Amma da ka tafi, yaran naka wa ya riƙe su?

Ɗan Fareti

Ba kowa, Baba. Rukunin ya mutu. Tantunan suna sito, gara ta ci biyu. Kada ka sa in ji abin da nake gudun ji.

Malamin Firamare, Zariya

Na gode muku duka. Maman Khalifa, maganarki ta hana ni barci. Na zauna na ƙirga sau nawa na goya yaro shi kaɗai a babur cikin shekara 11, na kasa. Ban taɓa kawo wa raina yadda uwar da ke leƙe ta taga take ji ba.

Ranar Asabar na tara iyaye, 13 suka zo. Mutum biyu sun ba da suna: wani tela, da wani tsohon ma'aikacin jinya da ya yi ritaya, wanda ya ce in yaro ya yi zazzaɓin dare shi zai duba shi, telan ya raka su, ni in zauna da sauran. Kuɗin rajistarsu iyaye suka yi karo-karo. Takardar da zan kai sama na rubuta ta irin ta Malam Na Funtuwa, malamai 5 sun sa hannu: muna neman a fayyace abin da za a yi in larurar asibiti ta taso, a kuma ɗauke wa babba na biyu kuɗin rajista. Wanda ya jefa mini waccan maganar a taro har yanzu ban iya gaishe shi ba, Baba ka yi mini uzuri.

Saura matsala ɗaya. Akwai yaro maraya da ke zaune wajen kakarsa a bayan gari, kusan kilomita 4, kuma ni nake sauke shi duk ranar Laraba tun yana aji uku. Telan ba shi da abin hawa. Wannan makon na ba shi kuɗin Keke Napep daga aljihuna, ya karɓa yana kallona kamar na kore shi. Baban Zara, ku a can yaya kuke yi da irin wannan?