Wayar sojoji ta dā tana ƙara amma ba a jin magana, ku ba ni shawara

Salamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin tarihi ne a nan Njamena. Ɗalibaina za su yi wasan kwaikwayo a kan tafiyar Leclerc, kwamandan sojan Faransa, daga Faya a Chadi zuwa Kufra a Libiya, inda Italiyawa suka miƙa wuya ranar 1 ga Maris 1941. Na samo tsofaffin wayoyin soja guda biyu, an rubuta EE-8 a jikinsu. In na murɗa hannun, ɗayar tana ƙararrawa, amma magana shiru. Kuma yaran sun nace sai sun riƙe oba-oba, wato rediyon magana na hannu. Yaya zan yi?

Wani dattijo mai gyaran rediyo:
Wa alaikumus salam Malam. Wayarka lafiya lau take. Hannun nan da kake murɗawa ƙararrawa kawai yake kaɗawa, magana kuwa sai da batir, manya guda biyu irin na tocila. Buɗe gidansu, za ka tarar da tsatsa, ka goge da sampefa. A jikin abin da ake karawa a kunne akwai ɗan makunni, sai ka karkata shi muryarka za ta fita, nan ne mutane ke ruɗewa. In har yanzu shiru, garin gawayin da ke cikin bakin maganar ne ya dunƙule don daɗewa, ka ɗan bubbuga shi a tafin hannu. Waya biyu za ka ja tsakaninsu, ka ɗaura a inda aka rubuta L1 da L2. Kada yaro ya riƙe ƙarshen wayar da ka ja ana murɗawa, tana ja sosai. Ni ta taɓa koya mini hankali.

Wata malama daga Garwa:
Malam, oba-oba dai a'a. Rediyon SCR-300 na Amurka da ake goyawa a baya sai 1943 ya shiga yaƙi, mutanen Leclerc kuwa sai a Maroko suka sha kayan Amurka, a 1943 ɗin. Ko EE-8 ɗin ma ta Amurka ce, amma daga nesa wa zai gane? Ka sa yaro ɗaya ya zauna da akwati yana buga tangaraho, ɗit-ɗit-da, ya fi kama da 1941.

Wani tsohon soja:
Ɗan'uwa, bar batun rediyo mai aika saƙo, sai da izinin ARCEP, hukumar kula da sadarwa. Kakin sojan da yaran za su sa ma, ka sanar da jandarma tukuna. Yadda garin nan yake, a ga samari da kaki da eriya a bayan makaranta, kafin ka yi bayani an kwashe ku.

Mai tambaya:
Baba, batir ne! Na goge tsatsar, yanzu har ajin ƙarshe ana ji. Gobe zan leƙa jandarma in sha Allahu.