Wai da gaske ne filatinam ya taɓa fin gwal araha?

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Salam 'yan uwa, don Allah masana tarihi a taimaka. Gardama ce ta kaure a shago kan filatinam ɗin nan da ake samu cikin indomin salansar mota, wani dattijo ya ce wai zamanin Sarauniya Biktoriya ta Ingila ko kusa da gwal bai kai ba, har 'yan damfara na buga kuɗin jabu da shi. Ni fa ban yarda ba, abin da ɓarayi ke yanke wa mutane a mota saboda tsadarsa?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Baba ya fi ka gaskiya malam. Lokacin farashin gwal a ƙayyade yake, dala 20.67 oza ɗaya a Amurka, shi kuwa filatinam a shekarun 1880 ƙasa da haka yake sosai, sai wajen farkon 1900 ya kamo shi. To kuma nauyinsu kusan ɗaya ne, shi ya sa mazambata suke buga sulalla da shi su shafe da ruwan gwal, ka ɗora a sikeli ka ga daidai. A wancan lokacin kusan kashi 90 cikin 100 na filatinam ɗin duniya daga tsaunukan Ural na Rasha ake haƙo shi, iyalan Demidov na da manyan ramuka a Nizhny Tagil, amma abin mamaki tacewa da cinikin yawanci a Landan ake yi hannun kamfanin Johnson Matthey, wato Rasha ke shan wahalar haƙa wasu ke cin riba. Ita Rashar ma ta taɓa buga kuɗi da shi daga 1828 zuwa 1845 ta daina.

Maƙerin Gwal:
Malam ka bar babban dalilin ai. Gwal na narkewa a digiri 1064, shi filatinam sai digiri 1768, wutar gawayi da zugazugi ba abin da za ta yi masa wallahi, to maƙeri ya saya ya yi me da shi? Sai da Faransawa biyu Deville da Debray suka fito da murhu mai iskar oksijin a shekarun 1850 sannan aka samu sauƙi. Kuma don Allah a daina haɗa shi da farin gwal da mata ke saya a Kasuwar Rimi, ba ɗaya ba ne.

Malamin Tarihi:
Haka ne Alhaji. Kuma ba ado ne ya fara ɗaga kuɗinsa ba, masana'antu ne: tukwanen tace asid, 'yar wayar da ke ratsa gilashin ƙwan lantarki, fil ɗin haƙoran roba, takardar wanke hoto, har ma'aunin kilo na duniya da aka amince da shi a 1889 kashi 90 filatinam ne. Na Afirka ta Kudu sai 1924 aka gano shi.

Ɗan Ƙofar Ruwa:
Tirƙashi, ashe gobe sai na sayi goro na kai wa Baba. Na gode kwarai.