Abin da lambobin jikin kwamfutar tebur ke nufi

Da aka tattauna ma'anar lambobin da ke jikin kwamfutocin tebur, masu gyaran kwamfuta sun yi ittifaƙi a kan abu guda: kowane kamfani da salon lissafinsa, kada a auna na wani da na wani.

A OptiPlex, jerin kwamfutocin tebur na Dell, kafin 2023 lambar farko ce ke nuna daraja: 3 na talaka, 5 matsakaici, 7 na manyan ofisoshi. Sai dai akwai tarko, domin an fitar da OptiPlex 7010 a 2012, aka sake amfani da sunan a 2023. Shi ya sa aka fi ba da shawarar a nemi Service Tag, wato lambar shaida da Dell ke liƙa wa kowace kwamfuta, mai haruffa da lambobi 7, a sa a shafin kamfanin. A ganina wannan ce shawarar da ta fi kowace amfani.

A HP kuwa, G3 ko G5 zubi ne na uku ko na biyar, samfurin da ke da lamba 705 kuma injin (processor) na kamfanin AMD gare shi. Lenovo na rufe sunan kwamfutocinsa na ThinkCentre da harafi: q ɗan mitsitsi, s siriri, t dogon akwati.

Na Apple daban ne: lambar iMac18,3 na nufin kwamfutar iMac mai allo inci 27 ta 2017.